Kafin Ka Ɗauki Gizago

Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kyauta makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Saƙonka ya iso mini. Ka ce kana so ka sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda ya yi shekaru yana tuƙawa a Gaya, ka ajiye a gida nan Karakara don tunawa da shi. Ka ce wasu sun yi maka dariya, wai wasan yara ne, wasu kuma sun ce ka ji tsoron Allah kada ka shigo da gunki gidan Musulmi, shi ya sa kake so ni kawunka in raba gardama. To, amsata gajera ce: ka sassaƙa. Amma akwai maganganun da nake so su shiga kunnenka kafin gizago ya shiga hannunka.

Mu fara da masu maganar gunki, domin tsoronsu yana da tushe. Ƙasarmu ba ta daɗe da rabuwa da tsafi ba, a wasu gidajen ma har yau da sauransa, kuma bakin kogi ya fi ko'ina. Kowa ya ji labarin yankan da ake yi wa ruwa kafin a shiga su. Dattijon da ya ga an shigo da sassaƙe ɗaki an ce na mamaci ne, dole gabansa ya faɗi, kada ka raina shi. Sai dai malamai sun raba tsakanin siffar mai rai da ta marar rai. A cikin Bukhari da Muslim an kawo labarin wani mutum da ke cin abinci da yin siffofi, ya zo neman fatawa wajen Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su. Ya tsoratar da shi a kan siffanta masu rai, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa, ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Jirgi kuwa katako ne da ƙusa. Abin da zan hana ka shi ne ka sassaƙa ɗan mutum ka zaunar da shi a bayan jirgin riƙe da filafili, ka ce wa yara ga Baba nan. Ka bar mazaunin ba kowa. Kada a yi masa turare, kada a shafa shi don neman albarka, kada a kai shi maƙabarta. Ka kuma je da ƙafarka ka gaya wa limaminku abin da ka yi niyya, don maganar ta mutu a masallaci tun ba ta fara yawo zaure-zaure ba.

Masu cewa wasan yara ne ba su buƙatar doguwar amsa. Annabi Nuhu yana kan aikin jirgi mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili, Annabi Zakariyya kuma kafinta ne. Ka yi murmushi ka wuce.

Babbar maganar ita ce ka san wa kake yi wa wannan jirgi. A 1920 masu haƙar kayan tarihi sun buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, kusa da Luksor a ƙasar Masar, mutumin da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Suka tarar da ƙananan jiragen katako jere, da matuƙansu, har da masunta da tarunsu. Yau wasu suna gidan tarihi na Alƙahira, wasu suna New York a Amurka. Ka ga ashe ba kai ka fara haɗa ƙaramin jirgi da mutuwa ba. Amma su sun yi ne don mamacin, a zatonsu zai hau ya yi yawonsa. Mu mun san ba haka abin yake ba. Ko da zinariya ka yi wa naka ado, ba zai ƙara wa mahaifinka komai a kabari ba. Naku ne ku masu rai: kai, da ƙannenka, da 'ya'yanku da ba za su san shi ba sai a labari. Abin da ke isa gare shi an faɗa mana a hadisin da Muslim ya ruwaito, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Saboda haka in dare ya yi maka kana sassaƙa har ka makara sallar asuba, ka hana shi abin da yake jira, ka ba shi abin da ba ya buƙata.

Kafin sadaka ma akwai bashi, kuma a nan nake so ka tsaya sosai. Na san an yi shela a wajen jana'iza cewa duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Amma a Karakara aka yi jana'izar, mu'amalarsa kuwa a Gaya take, da tsallaken kogi a Malanbil, wataƙila har Kamba. Wa ya ji shelar a can? Matuƙin jirgi ba ya rasa bashi: akwai mai sayar masa da man inji, akwai makanike, akwai kafintan da ke toshe masa ɓula, akwai mai abinci a bakin mashigi, akwai adashe. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, mutane da kaya suka koma ƙetarawa ta ruwa, amana ta yi yawa a hannun masu jirage. Buhu nawa aka ba su a kai wa wane, kuɗi nawa aka damƙa musu a miƙa wa wance, duk da baki, ba takarda ba shaida. Wani mai bin bashin kunya za ta hana shi zuwa gidan makoki ya yi maganar kuɗi, ya yi shiru, abin na ci masa rai. Kai za ka je ka same shi. In kuma akwai waɗanda mahaifinka ke bi, ka rubuta, ka kawo wa 'yan'uwanka, domin ba naka ba ne kai kaɗai.

Haka jirgin kansa. Na ji kana cewa za ka ɓalle katako guda daga jikinsa ka yi ƙaramin da shi, ka kuma ɗauko tsohon filafilinsa. Tunanin yana da daɗi, amma jirgin, da injin, da igiyoyin, da filafilin duk gado ne. Shari'a ta jera abin: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Mahaifiyarka tana da tumuni a ciki, 'yan'uwanka mata suna da rabonsu, ƙaramin cikinku da bai san komai ba shi ma yana da nasa. Ka tara su ka roƙa. Na tabbata ba wanda zai hana ka guntun katako, amma ɗauka da izini daban, ɗauka da girman kai na babban ɗa daban. Rigingimun gado da yawa da na gani ba a kan gona suka fara ba, a kan buta suka fara, ko carbi, ko hula.

To, in ka sauke waɗannan, ga aikin.

Kada ka yi shi da ka. Na san kana gani kamar ka haddace jirgin tunda ka sha hawansa, amma ido yana ruɗi. Ka je bakin kogin Isa da igiyar awo, ka sa a jawo shi gaci, ka auna tsawonsa, da faɗinsa a tsakiya, da zurfinsa, da yadda gabansa ya ɗaga, da inda aka kafa mazaunai, da inda injin ke zama. Ka ɗauki hotonsa da waya ta kowace fuska. Sannan ka raba kowane awo gida 20: mita ɗaya ta zama santimita 5. Jirgi mai mita 12 zai ba ka santimita 60, in faɗinsa mita ɗaya da santimita 60 ne, naka zai zama santimita 8. Da wannan lissafi ɗaya za ka bi komai, har kaurin katako. Wanda ya rage tsawo ya manta ya rage zurfi, in ya gama sai ya ga akushi ya sassaƙa. Kuma kada ka gyara masa kamanni. In akwai inda aka yi faci da gwangwani, ka yi facin. In fentin gefe ɗaya ya koɗe, ka bar shi a koɗe. In akwai rubutu a jikinsa, ka kwafe shi yadda yake, ko da mai fentin ya yi kuskuren baƙi. Jirgin mahaifinka kake so, ba jirgin kowa da kowa ba.

Dalilin da ya sa na matsa maka a kan awo ba don kyan gani kaɗai ba ne. Awon zai tilasta maka zama da abokan aikinsa, kuma wannan zaman ya fi jirgin daraja. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Abokan tafiyarsa suka ga kyautar ta yi yawa, shi kuwa ya nuna musu cewa mahaifin mutumin nan aminin Umar ne, kuma ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya gare shi. Ka riƙa goro ka je wajen sarkin jirgi, da tsofaffin Sarkawa, da kafintan da ya haɗa jirgin in yana raye. Ka zauna ƙasa ka yi tambaya. Mu mutanen tudu ne, Dallol Mawri namu kwari ne da ruwa ya daina gudu a cikinsa tun zamanin da ba wanda ya gani, abin da muka sani shi ne gero da rake da rijiya. Mahaifinka ci-rani ya kai shi Gaya, kuma a hannun waɗannan mutane ya koyi ruwa. Akwai rabin rayuwarsa da ku na gida ba ku sani ba, yana bakinsu.

Ka tambaye su me ya sa kogin ke cika sau biyu a shekara. Za su gaya maka cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwan ja mai laka da ƙoramun kusa ke zubowa. Ta biyu kuwa sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan ruwan tsaunukan Gini ne, inda kogin ya faro tafiyarsa ta kusan kilomita 4,200. Yana zuwa ƙasar Mali sai ya bazu cikin manyan fadamu, ya yi watanni yana jan jiki, sannan ya iso mana ya tace. Ka tambaye su yadda ake gane tudun yashi a ƙarƙashin ruwa daga yadda fuskar ruwan ke motsi, da inda dorina ke kwana, da irin iskar da in ta taso ake neman gaci ba gardama. Ka tambaye su ranar da mahaifinka ya ji tsoro, da ranar da ya ƙi ɗaukar kaya, da wanda ya taɓa tsamowa daga ruwa. Ka sayi littafi na musamman ka rubuta duk wannan, da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sabawa. In har za a tambaye ni, littafin nan shi ne babban aikin, jirgin murfinsa ne.

Kada kuma ka ɗauka ƙaramar sana'a ya gada daga gare su. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani baƙin itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma masanan sun ce kyan sassaƙarsa ya nuna sana'ar ta riga shi da daɗewa. Itacen da aka yi shi da shi dangin maɗaci ne.

Kai ma maɗacin zan ce ka nema, busasshe. Yana karɓar wuƙa, yana jure ruwa, kuma ba ka buƙatar sare ko reshe ɗaya: yawancin jiragen yau da katakon kudu ake haɗa su, wajen masu haɗawar ba a rasa guntaye. Rimi yana da taushi, ya dace ka fara gwada hannu da shi, amma ƙwari ba su barinsa. Ƙirya ta yi tauri, za ta cinye maka kaifi ta bar ka da kanta a hannu. Giginya kuwa, duk da ita ce adon ƙasar Gaya, ta azara ce, tsagewa take bisa tsawo, ga kuma ma'aikatan gandun daji ba su wasa da mai sare ta, kuma suna da gaskiya. Ɗanyen itace ko wane iri ne ka guje shi, domin hunturu na busowa zai tsage. Ka je wajen masassaƙin garinku, mai turmi da kujera, ya nuna maka riƙon gizago da yadda ake bin jijiyar itace. Ka biya shi ladan koyarwa, kada ka ce ai ɗan abu ne. In an gama a goge, a shafa mai ko fenti, a ɗora a kan wani abu mai tsayi, nesa da bango da ƙasa, saboda gara.

Kada ka sa wa kanka rana. Na ji kana son ka gama kafin sadakar arba'in. Ita kanta sadakar malamai sun yi saɓani a kanta, ba kuma zan shiga tsakaninsu a nan ba, amma jirginka ba shi da alaƙa da ita. In wata shida ya ɗauka, ya ɗauka. Aikin hannu yana sanyaya zuciya, musamman ta namiji da aka hana kuka tun yana yaro. In hawaye suka zo kana aikin, ka bar su. Manzon Allah ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da ba na so shi ne ka kulle kanka a ɗaki da katako, ka bar gona, ka bar mutane. Ka yi aikin a tsakar gida, inda ƙannenka za su miƙo maka ƙusa.

Ka kuma tuna da 'yar'uwata, mahaifiyarka. Tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma ba lalle ba ne ta ga jirgin da idon da kake ganinsa. Kai abin alfahari kake gani. Ita ta yi shekaru, duk ranar da hadari ya haɗu ta kudu, ba ta iya cin tuwo sai ta ji labarinsa. Ka tambaye ta tukuna. In ta ce ba ta son ganinsa, ka ajiye a ɗakinka ko a zaure, kada ka yi mata musu. Wataƙila nan gaba ita da kanta za ta ce a kawo mata.

In ka gama, kada ka sa shi cikin gilas ka hana taɓawa. Yaran Karakara da yawa ba su taɓa ganin kogi ba, iyakarsu motar kara da ta gwangwani. Ka bari su riƙe shi, in ya karye ka gyara. Da damina ka kai su bakin tafki, ko ka cika babban baho, ka ɗora shi a ruwa. Ka ba su tsakuwa su riƙa zubawa ɗaya-ɗaya suna kallon yadda bakin jirgin ke kusantar ruwa, sannan ka ɗan kaɗa ruwan da hannu. Za su ga da idonsu cewa jirgin da ke tafiya lafiya da rabin kaya, in aka cika shi, ƙaramar igiyar ruwa ta ishe shi. Gani ya kori ji. Wasunsu gobe za su tsaya a bakin mashigi, mai jirgi yana cewa a ƙara matsawa akwai wuri.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga jihar Neja ya nufi Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a kan wannan kogin namu, ɗauke da mutum fiye da 150. Ya tsage ya nutse, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da tsufan jirgin. Galibin masu ƙetarawa a ruwayenmu ba su iya iyo ba, mata ne da goyo, da 'yan kasuwa, da mutanen tudu irinmu, kuma da wuya ka ga rigar kariya daga nutsewa a jikin ko ɗaya.

Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Manzon Allah wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. A kwarin nan namu ruwa ba shi da nisa, in kun haɗa hannu ku 'ya'yansa rijiya ba za ta gagare ku ba. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙetarar da bayin Allah, ina ganin sadakar da ta fi kama da shi ita ce rigunan kariyar nan. Ko biyar ne, ko goma, a damƙa wa sarkin jirgi a gaban shaidu, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne, kuma a fara sa wa yara da masu goyo. Abin da ka ware don fenti da adon ƙaramin jirgi, ka raba shi biyu, rabi ya tafi can. In ka je awon, ka tambayo kuɗin rigar a kasuwar Gaya, in babu a duba Kamba, ka aiko mini da amsa. Biyun farko ni zan biya.